Shin Ya Dace Ɗalibai Su Karanta Labarin Wadda Aka Yi Wa Fyaɗe?

 

Tun da makarantu suka fara buɗewa a kudancin Jazira bayan dogon rufewa, akwai tambayar da take ta dawowa daga bakin malaman sakandare da iyaye a Wad Haddad da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wasu mata sun rubuta littattafai da kansu kan fyaɗen da aka yi musu da yadda suka rayu bayansa, wasu daga cikin littattafan kuma suna yawo a wayoyin yara. Shin a bar ɗalibai su karanta, har ma a kai su aji, ko a hana? Wasu iyaye da jin kalmar fyaɗe sun gama yanke hukunci. Wasu matasan malamai kuma suna ganin a ɗora wa kowane ɗalibi karatun, don idon kowa ya buɗe. Abin da muke gani shi ne, irin wannan littafi yana da amfani ga ɗalibin da ya balaga ya yi hankali, idan akwai malami a kusa da shi. Amma ba littafin da za a tilasta wa aji guda ba ne, kuma dalilin hakan ya sha bamban da wanda yawancin iyaye suke tsammani.

Da a ce shekaru goma baya aka yi wannan tambaya, da mutum zai iya cewa labarin wata nahiya ne, a bar yara da karatunsu. Yanzu babu mai iya faɗin haka. Yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023. A Disambar shekarar dakarun RSF, waɗanda jama'a ke kira Da'ama, suka kama Wad Madani, suka bazu cikin ƙauyukan Jazira, har garuruwan kan hanyar Madani zuwa Sinnar suka ga yaƙi da idonsu. A Yunin 2024 aka kashe mutane sama da 100 a Wad Nura, a ƙarshen watan kuma Sinja ta faɗi. A Oktobar 2024 aka afka wa gabashin Jazira, Tambul da Rufa'a da ƙauyukansu, har ƙungiyar kare haƙƙin mata ta SIHA ta ba da rahoton matan da suka kashe kansu bayan an keta musu haddi. Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairun 2025. A watan Maris na 2025 hukumar UNICEF ta ce masu ba da kulawa sun rubuta yara 221 da aka yi wa fyaɗe a Sudan daga farkon 2024, kusan kashi ɗaya cikin uku maza ne, 16 ba su kai shekara biyar ba. Wannan adadin waɗanda suka isa wurin likita ne kawai. Duk wanda ya san halin mutanenmu ya san waɗanda suka yi shiru sun ninka su. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ɗora mafi yawan wannan ta'asa a kan RSF da masu mara mata baya, sun kuma ce akwai wadda aka samu daga ɓangaren soja.

To, yaron da ya kwana a gona yana jin kukan unguwarsu, ko yarinyar da aka tsere da ita Gadarif cikin dare, littafi ba zai koya musu cewa ana yin fyaɗe a duniya ba. Sun riga sun sani. Abin da ba su sani ba shi ne me addininsu ya ce game da wadda aka yi wa, da kuma ko rayuwa tana ci gaba bayansa.

Littafin da ya fi kusa da mu shi ne Tears of the Desert, wato Hawayen Hamada, wanda ya fito a 2008. Wata likita 'yar ƙabilar Zagawa daga Darfur ce ta rubuta shi tare da ɗan jaridar Ingila Damien Lewis, da sunan Halima Bashir, wanda sunan aro ne. Babban kaso na littafin labarin ƙuruciya ne: uban da ya dage sai 'yarsa ta yi karatu, kaka mai zafin rai, makaranta, sannan karatun likita a Khartum. Bayan ta fara aiki aka tura ta wani ƙauye a arewacin Darfur, inda Janjawid suka auka wa makarantar 'yan mata, aka kawo mata yara ƙanana gommai cikin jini ba ta da isasshen magani. Ta faɗa wa ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya abin da ta gani, sai aka kama ta, aka yi mata irin abin da aka yi wa yaran. An kashe mahaifinta, ita kuma ta samu mafaka a Ingila. Na biyu shi ne The Last Girl, wato Yarinyar Ƙarshe, na Nadiya Murad, Bayazidiya daga ƙauyen Koco a yankin Sinjar na Iraƙi, wadda 'yan ISIS suka kama a Agustan 2014 suka mayar baiwa. Ya fito a 2017, an fassara shi zuwa Larabci, don haka ya fi na farkon saurin isa hannun ɗalibanmu. Marubuciyar ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018.

Mu fara da abin da ke damun iyaye. Cewa suke wannan yaɗa alfasha ne, kuma Allah Ya yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kamar yadda ya zo a aya ta 19 ta Suratun Nur. Gaskiya ne ayar tana nan. Sai dai a duba a kan wa ta sauka: a kan masu yaɗa ƙazafi ga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Masu cin naman wadda ba ta da laifi ayar take tsoratarwa. Shi kuwa wanda aka zalunta, aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ware shi daga cikin waɗanda aka hana bayyana mummunar magana, ta ba shi damar faɗin abin da aka yi masa. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin, da ya zo lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gulma, da kai ƙarar zalunci ya fara.

A cikin Suratun Nur ɗin nan dai, aya ta 33, akwai labarin da ya kamata kowace ɗaliba ta sani. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu yana da kuyangi biyu, Musaika da Umaima, yana tilasta musu zina. Suka kai kuka wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, sai ayar ta sauka tana hani, ta kuma rufe da gafara da rahama ga waɗanda aka tilasta. Sunayen waɗannan mata biyu suna cikin littattafan tafsiri da hadisi sama da shekara dubu, ana karanta su a masallaci cikin watan azumi, babu malamin da ya ce an tona musu asiri. Haka hadisin Wa'ilu ɗan Hujru da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: wata mata ta fita za ta salla, wani ya tare ta ya fi ƙarfinta, ta yi kururuwa, ta gaya wa mazan da suka biyo ta wurin. Babu wanda ya ce mata ta rufe baki don mutuncin gidansu. Annabi ya sallame ta da bushara ta gafara. A cikin ƙissar ma har akwai darasi na biyu, domin mutumin da aka fara kamawa ba shi ne mai laifin ba, sai da mai laifin ya miƙe ya amsa da bakinsa. Wato a saurari mai kuka, a kuma yi bincike kafin a nuna wani da yatsa.

Batun kunya kuma, mu tuna irin karatun da muka taso da shi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke karanta Ahlari ko Ishmawi a zaure yana jin bayanin janaba da haila da abin da ke wajabta wanka. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya faɗa a gabatarwar Risala cewa don a koyar da yara ya rubuta ta, ga ta kuwa da babin aure da idda da haddi. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda zuriyarsa suka kafa Mai Wurno nan kusa da mu bayan yaƙin Burmi na 1903, ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. Magabatanmu ba su ɓoye wa yara waɗannan mas'aloli ba. Abin da suka kiyaye shi ne lafazi da lokaci da kuma wanda ke koyarwa.

A nan ne ma'aunin littafi yake. Suratu Yusuf ta ba da labarin mace mai iko da ta kulle ƙofofi ta nemi saurayin da ke ƙarƙashin hannunta, ya gudu, ta yage masa riga ta baya, ta juya ta ɗora masa laifi, ya yi shekaru a kurkuku. Yara suna haddace surar a makarantar allo. Babu abin da aka ɓoye na zaluncin, babu kuma kalma ɗaya mai motsa sha'awa. Da wannan za a auna duk littafin da aka kawo. Idan marubuci ya tsaya yana siffanta jiki da aiki dalla-dalla har karatun ya koma kallo, a ajiye shi, ko da labarin gaskiya ne. Idan kuwa abin da ya rage a zuciyar mai karatu shi ne ƙin zalunci da tausayin wadda aka zalunta, wannan shaida ce, ba batsa ba. Littattafan nan biyu na shaida ne. Duk da haka akwai shafuka masu nauyi ƙwarai a cikinsu. Babin makarantar 'yan mata a littafin Halima, da inda ta ba da labarin kaciyar da aka yi mata tana ƙarama, ko babba sai ya ajiye littafin ya numfasa. Ɗan firamare da ɗan matsakaiciya ba nasu ba ne. Sayyidina Aliyu ya yi umarni a riƙa yi wa mutane magana gwargwadon abin da za su gane, Buhari ya kawo maganar a Kitabul Ilmi. Kuma babu malamin da ya halatta ya ba ɗalibai littafin da shi bai karance shi daga farko har ƙarshe ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba. A ajin sakandare na 'yan mata arba'in ko hamsin a Jazira ko Sinnar a yau, malami ya ɗauka cewa akwai wadda abin ya faru da ita, ko da yayarta, ko da mahaifiyarta a gabanta. Ba zai san ko wace ce ba, kuma ba haƙƙinsa ba ne ya sani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da bayyana cewa wanda ya gamu da irin wannan razana, ƙaramin abu yana iya mayar da shi cikin ranar kamar yanzu take faruwa: ƙarar babur, warin taba, wata kalma. Zuciya ta riƙa bugawa, jiki ya ɗauki rawa, barci ya ƙaurace, wata ma ta faɗi sumammiya. Sau da yawa a gidajenmu akan ce iska ce ta taɓa ta. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, amma ba sa hana a kai ta wurin likita. To, a ɗauki wannan yarinya a zaunar da ita cikin aji, a ce wata ta miƙe ta karanta babin da ƙarfi, ko a ce za a yi jarrabawa a kansa. Idan ta fashe da kuka ko ta fita da gudu, aji duka ya gane. Kafin magariba unguwa ta ji. Malamin da ya yi nufin alheri ya tona asirin da iyali suka yi shekara biyu suna rufewa, a garin da magana ɗaya take iya hana yarinya aure.

Ita kanta Halima Bashir ta sauya sunanta, kuma lokacin da ta gana da Shugaba Bush na Amurka a Disambar 2008 fuskarta a rufe take. Ita ta zaɓi ta yi magana, ita ta zaɓi iyakar abin da za a gani. Wannan zaɓin shi ne haƙƙin kowace ɗaliba. Wata za ta karanta littafin ita kaɗai a ɗaki, ta ga mace Musulma irinta ta shiga wannan wuta ta fito ta ci gaba da rayuwa, ya zame mata magani. Wata kuma ko bangonsa ba za ta so gani ba, kuma tana da gaskiya. Don haka a ajiye littafin inda mai so zai ɗauka ba tare da an rubuta sunansa a gaban jama'a ba. A faɗi abin da ke ciki tun kafin a buɗe. Kada a sa shi cikin jarrabawa. Kada malami ya tambayi aji ko akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan, kada kuma a ba da aikin gida na rubuta abin da ya same ka a lokacin yaƙi. Idan za a tattauna, 'yan mata su zauna da malama, maza da malami, a ƙananan rukuni, ƙofa a buɗe ga mai son fita tun kafin a fara.

A ganina ma, waɗanda suka fi bukatar wannan karatu su ne samari. Su ne za su zama mazan aure da yayye da limamai. Su ne gobe za a ce wa yarinyar da kake nema Da'ama sun shiga gidansu, ka sake shawara. Saurayin da ya taɓa zama ya ji labarin daga bakin wadda abin ya sama, da wuya ya yi dariya idan ana ba'a a majalisa, da wuya kuma ya kira ta ragowar wani. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya ba da labari a Ahkamul Ƙur'an cewa an kawo masa 'yan fashin da suka sace mace, wasu masu fatawa suka ce wannan ba hiraba ba ce tunda ba dukiya aka ɗauka ba. Ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni. Wanda 'yan fashi suka ƙwace wa shanu, jaje ake yi masa. Ban san inda muka samo al'adar ƙyamar wadda aka yi wa fashin da ya fi wannan ba.

Akwai wurin da ɗalibin ilimi zai iya tuntuɓe, gara a faɗe shi. A babin haddi na Risala zai tarar cewa macen da ciki ya bayyana gare ta ba ta da miji, idan ta ce tilasta mata aka yi, ba a karɓar maganarta sai da alama, kamar shaidar cewa an ɗauke ta da ƙarfi, ko ta zo tana neman agaji a lokacin, ko ta zo da jini. Yaron da ya karanta wannan ba malami zai iya komawa gida ya yanke wa 'yar'uwarsa hukunci. Ya sani cewa wannan magana ce ta gaban alƙali, ba ta zaure ko bakin kasuwa ba. Imamu Abu Hanifa da Imamu Shafi'i ba su ɗauki ciki kaɗai hujjar haddi ba. A mazhabar Malik ɗin ma alama ake nema, kuma wace alama ce ta wuce mutane da bindigogi su mamaye gari watanni kowa yana gani? Imamu Malik a Muwaɗɗa ya tabbatar cewa wadda aka tilasta babu uƙuba a kanta, uƙuba tana kan wanda ya tilasta, kuma sai ya biya ta sadaki. Wanda ya jefe ta da zina ba shaidu huɗu, shi ne ayar ƙazafi ta hau kansa da bulala 80. Dokar ƙasa ma ta gyaru: sashe na 149 na dokar laifuka ta 1991 ya kasance yana cakuɗa fyaɗe da zina, har mai kai ƙara takan ji tsoron ƙarar ta juyo kanta, sai aka raba su a gyaran 2015. Jaririn da aka haifa ta wannan hanya kuwa bai ɗauki laifin kowa ba.

Littafin Nadiya Murad yana da tasa matsalar daban, domin waɗanda suka zalunce ta da sunan Musulunci suka yi, suna salla suna jawo ayoyi. A 2021 wata jami'ar hukumar makarantun birnin Toronto a Kanada ta ce ɗalibansu ba za su halarci zaman tattauna littafin ba, don gudun kada ya haifar da ƙin Musulmi. Aka yi ta suka, daga baya hukumar ta ba da haƙuri. Niyyar jami'ar mai kyau ce, amma mu ba ma bukatar irin wannan kariya. Ɗalibi Musulmi ya fi kowa bukatar sanin yadda ɓatacce yake sa rigar addini ya yi ɓarna. Malami ya gaya masa cewa a Satumbar 2014 malamai sama da 120 na duniyar Musulmi suka rubuta wa Bagadadi buɗaɗɗiyar wasiƙa suna rushe hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, har da dawo da bauta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na Sakkwato yana cikin masu sa hannu. Ya nuna masa cewa a cikin littafin kansa, iyalin da suka ɓoye Nadiya a Mosul suka fitar da ita, suna sane da cewa za a iya kashe su, Musulmi ne. Sannan akwai abin da ya kamata limamanmu su tsaya a kai. Al'adar Yazidawa ta kasance tana fitar da macen da wani na waje ya taɓa daga cikin al'umma. Shugaban addininsu, Baba Shaikh, ya fito ya ce duk wadda ta kuɓuto a karɓe ta, tana nan cikin addininta da mutuncinta. Wannan sanarwa ta buɗe wa mata da yawa ƙofar komawa gida. Shi sai da ya saɓa wa tsohuwar al'adarsu kafin ya faɗi haka. Mu hukuncin yana rubuce cikin Alƙur'ani da Muwaɗɗa, abin da ya rage a ji shi daga kan mumbari ranar Juma'a, da Hausa da Larabci, a Wad Haddad da Mai Wurno da Damazin.

Duk makarantar da ta yanke shawarar ajiye irin wannan littafi, ta shirya wa abin da zai biyo baya, domin wata rana wata ɗaliba za ta tsaya bayan an tashi ta ce malama ina da magana. Malamar ta saurara, kada ta tambaye ta me ya sa ba ta gudu ba ko me ta sa a jikinta, kada ta kai maganar ɗakin malamai. Ta san tun yau wace ungozoma ko likita ce abin amincewa a kusa. Idan abin sabo ne, maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana biyar, saboda haka ba a jiran sai an gama shawarar dangi. Idan ya daɗe, har yanzu akwai cututtukan da ake gwadawa a warkar, akwai kuma masu ba da shawara da aka horar don wannan aiki. Ba kowane mai laifi ne ya zo da kakin yaƙi ba, wani maƙwabci ne, wani ɗan gida ne, kuma idan yarinyar tana komawa wurinsa kowace yamma, fitar da ita daga hannunsa shi ne farkon aiki. Makarantar da ba ta da malama ko ɗaya da za ta iya ɗaukar wannan nauyi, ta fara neman ta kafin ta sayi littafin.